Ɗanƙwairo Nawa Ne a Cikin Kwamfuta?

Ɗalibin da ya ƙudurta yin nazari a kan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fadan nan da aka haifa a ƙasar Bakura, ya yi suna da laƙabin Maradun, ya kuma rasu a 1991, zai fara ne da rubuta sunan makaɗin a gurbin bincike na wani rumbun kundaye. Abin da zai fito masa wani ɓangare ne kawai na abin da aka rubuta. Dalili kuwa shi ne sunan yana kwance a cikin takardun da aka ɗora a intanet da siffa aƙalla biyar: Ɗanƙwairo, Dankwairo, Dan Kwairo, D'ank'wairo, sai kuma [an}wairo. A idon Bazamfare duk mutum ɗaya ne. A wajen kwamfuta kuwa mutum biyar ne da ba su san juna ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane rubutu jerin ƙwayoyi ne da ake kira bayit, kowane bayit kuma lamba ce daga 0 zuwa 255. Idan aka ba ta kalma biyu ta gwada, sai ta jera su kafaɗa da kafaɗa, ta bi su ƙwaya-ƙwaya, inda ta fara cin karo da saɓani nan take tsayawa ta yanke hukunci. A harshen shirya manhaja na C, aikin da ake kira memcmp ke nan, kuma masu gina tushen manhajoji sun shafe shekaru suna goge shi, har ta kai na'urorin yau suna gwada bayit 16 ko 32 a bugu guda. A kan irin wannan gwaji ne binciken kalma da jera sunaye da tsarin rumbun bayanai suka dogara. Saurinsa ya samo asali ne daga rashin tambaya: ba ruwansa da harshe, balle ma'ana.

A nan ne harufa masu ƙugiya suke shiga tsaka mai wuya. Tsarin ASCII na shekarun 1960 ya tanadi gurbi 128 kacal, aka cike su da bukatun Ingilishi. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya bar wa waɗannan harufa bayit ɗai-ɗai, sauran harufan duniya kuwa biyu zuwa huɗu. Don haka k bayit ɗaya ce mai lamba 107, amma ƙ bayit biyu ce, ta farkonsu 198. Dankwairo bayit 9, Ɗanƙwairo bayit 11. Manhajoji da yawa tsawo suke fara dubawa, da zarar ya saɓa sai su ce ba ɗaya ba ne, ba tare da sun leƙa ko harafin farko ba.

Jerin abajada ma bai tsira ba. Idan aka bar lambobin bayit su yi jeri, duk kalmar da ta fara da harafi mai ƙugiya sai ta koma bayan z, wadda lambarta 122. Abin dariyar ma shi ne, a ƙananan harufa, ƙ ce take riga ɓ da ɗ, domin su lambarsu ta farko 201 ce. Wanda ya saba da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, inda ɓ take bin b, ɗ take bin d, zai ga an kifar masa da kwando.

Siffa ta biyar a jerin can na sama tana da nata tarihin. Kafin Unicode ya yaɗu a sassan Hausa, da salon rubutun Rabi'at da ire-irensa aka buga kundayen digiri da mujallu masu yawa. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi, a zana musu siffar harafi mai ƙugiya. A takarda komai ya fito tsaf, kuma dabarar ta yi wa nazarin Hausa hidimar da ba za a raina ba. Amma a ƙarƙashi, abin da aka adana baka ce: } a madadin ƙ, ] a madadin ɗ. Ga kuma rikicin alamar da ke gaban 'y, wadda take da lamba uku mabambanta gwargwadon manhajar da aka yi bugu da ita, alhali a Nijar harafi guda ake rubutawa, wato ƴ. Masu sa alamar karin sauti a kan wasula su ma suna da hanya biyu ta adana à, kuma ido ba ya bambance su.

Wani kason matsalar ma ba na lamba ba ne sam. Garin da takardun hukuma suke kira Talata Mafara, a rubutun Hausa sau da yawa Talatar Mafara ne, a jikin mota da kan wasiƙa kuwa T/Mafara. Madatsar ruwan da ke yankin Bakolori ce a wasu takardu, Bakalori a wasu. Wanda ya rubuta waƙoƙin Ɗanƙwairo ko na Sa'idu Faru da aminci zai rubuta hwaɗa da hwari, kamar yadda suke fita a bakin mutanen yamma, mai bincike kuma zai nemi faɗa da fari ya tashi hannu rabbana. Babu injiniyan da zai warware wannan shi kaɗai, domin tambayar ta ilimin karin harshe ce.

Akwai masu ganin cewa mafita ita ce a yar da ƙugiya baki ɗaya, tunda ga jama'a can a Facebook suna rubutu ba tare da ita ba, kuma suna fahimtar juna. Wannan ra'ayi yana da sauƙin aiwatarwa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin manazarci. Mai karatu yana rarrabe baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ta hanyar muhallin jimla. Rumbun da aka share wa ƙugiya kuwa ya haɗe su har abada, kuma duk ƙidayar kalmomi ko ƙamus ko manhajar fassara da aka gina a kansa za ta gaji wannan makanta. Cire ƙugiya aikin daƙiƙa ne, mayar da ita kuwa sai an zauna an karanta.

Abin da ya fi dacewa shi ne kowane rumbun Hausa ya adana matani a hawa biyu. Na farko shi ne matanin kamar yadda marubuci ko mawaƙi ya zo da shi, da ƙugiyarsa da karin harshensa, ba a taɓa ko ɗigo ba. Na biyu mabuɗin bincike ne da ake samarwa sau ɗaya lokacin shigar da matanin, inda duk siffofin Ɗanƙwairo za su koma jerin bayit guda. Daga nan sai a bar memcmp ya yi gudunsa, babu abin da aka rage masa. Game da jeri kuwa, ba daga tushe za a fara ba, domin kundin CLDR na ƙungiyar Unicode ya riga ya tanadi ƙa'idar jera harufan Hausa, har da sh da ts. Abin da babu mai rubuta shi sai masana Hausa shi ne jadawalin da zai faɗi yaushe hw take daidai da f, da waɗanne sunayen garuruwa ne abu guda.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan a Talata Mafara da masu koyon kwamfuta, sassan da ke nazarin Hausa a Gusau da Sakkwato kuma suna da kundayen da masanan. Aikin farko shi ne juya tsofaffin kundayen Rabi'at zuwa Unicode, kuma ko shi yana bukatar idon malami. A kundin ilimin furuci, baka mai kusurwa tana iya zama Ɗ ko ɗ, tana kuma iya zama bakar gaske da ke kewaye da rubutun sauti. Manhajar da aka saki ta musanya su ba tare da ƙa'ida ba za ta mayar da [k] ta zama Ɗkɗ a kowane shafi.