Katifar Gwanjo da Shirun Shugabanninmu

Kowace shekara in an buɗe makaranta, sai dillalai su jibge katifu a bakin ƙofar jami'a, sababbin ɗalibai su kewaye su, ana latsawa ana tayawa. Mu dai ra'ayinmu a kan wannan ciniki a fili yake: duk ɗalibin da ya sayi tsohuwar katifa a hannun wanda bai sani ba, to ya sa kuɗinsa ya sayo wa kansa da abokan ɗakinsa wahala.

Mun san abin da ke tura 'yan'uwanmu can. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, farashin soso ya yi tashin gwauron zabo, domin sinadaran da kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka ke haɗa shi da su yawanci da dala ake sayo su daga ƙasashen waje. Rancen NELFUND kuwa, da aka soma bayarwa a 2024, Naira 20,000 aka yanka wa ɗalibi a wata don ɗawainiya. Wanda zai ci abinci ya buga takardu daga cikin wannan, ina zai ga rarar sabuwar katifa mai kauri?

Amma fa araha ba ta ado. Rigar da kuke gani mai furanni tana ƙyalli, tela ne ya ɗinka ta jiya. Soson da ke ciki Allah kaɗai Ya san gadajen da ya kwana. Soso in ya mutu ba ya farfaɗowa. Mako biyu sai tsakiya ta lotsa, mutum ya wayi gari da ciwon baya kamar wanda ya yi dako.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce kuɗin cizo. Yana ɓuya cikin ɗinki da ramukan soso, yana zuba ƙwai waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin kwana kamar 10, kuma yana iya yin watanni bai sha jini ba, watau dogon hutu ko yajin aikin malamai ba ya kashe shi, jiranmu kawai yake yi. Masu cewa a shanya a rana su sani sai zafi ya kai wajen digiri 50 ya ratsa soson duka, in ba haka ba ƙwaron ya koma gefen da ke ƙasa ya sha inuwa. Katifa guda ta isa ta rarraba shi ɗaki ɗaki har bene ya ɗauka. Daga nan sai a koma ga fiya-fiya, a fesa guba a rufe taga a kwana ciki, alhali kuwa saboda haɗarin irin wannan magani ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni tun 2019.

Wani zai ce, to katifar yayanmu da ya gama karatu fa? Wannan dabam. In ka san ɗakinsa, ka buɗe ɗinkin da idonka ba ka ga ɗigon baƙi ko na jini ba, saya. Wanda bai sami haka ba, ya sayi sabuwa ƙarama mai inci 3 ko 4, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu kauri muke saye don kada baƙo ya shigo ya raina mu.

Laifin da ya fi girma kuwa na shugabannin ƙungiyarmu ne. Sun iya tara kuɗin riguna da na dina, sun iya hayar makaɗa ranar bikin al'adu, amma ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar sunayen sababbin ɗalibai ya je wurin wakilin kamfani ya nemi farashin sari. Mai sayen katifa 300 a tashi ɗaya ba a yi masa kuɗin mai sayen guda. Muna kira ga Sakataren Walwala ya buɗe wannan rajista kafin a soma karɓar sababbin ɗalibai, ya nemi a yarda da biya kashi biyu, ya kuma matsa wa hukumar ɗakunan kwana ta yi feshi lokacin hutu, sa'ad da ba kowa a ciki. In zango ya zo bai yi ba, za mu tambaye shi dalili a gaban babban taro, da sunansa.