A kasa yaran tukuna, kafin a san na wa: zare kan gasar ƙwallon yara a Lafagu

1/ Jama'a ku ba ni aron kunnuwanku. Na dawo gida Lafagu hutu, na tarar an fara gasar ƙwallon yara ta 'yan ƙasa da shekara 13. Jiya na je kallo, an tashi 11 da nema. Sha ɗaya fa. Tun daren jiya abin yake cina, yau dai sai na amayar da shi. Zaren da tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ Ƙanena yana cikin waɗanda aka ci, shi ne ma gola. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya zo ƙasa ya ce ai haushin ƙanensa yake ji. E, haushin ƙanena nake ji. Shekararsa 12. Amma ku karanta har ƙarshe ku ga ko maganar a kansa ta tsaya.

3/ Wanda ya zura shida daga cikin ƙwallayen nan, muryarsa ta buɗe, kuma shi ya tuƙo babur ɗin da ya kawo buhunan fiya wata filin. Na san shi sarai. Ina aji shida a firamare yana aji ɗaya. Ni yanzu shekarata 22. Ku yi lissafin da kanku, ni ban ce komai ba.

4/ Ban ga laifinsa ba wallahi. An ba shi jesi sabuwa da but, an ce shiga ka buga. Ko ni ne a shekarunsa da gudu zan shiga. Da manya nake, masu gemu na gaskiya, waɗanda suka zauna suka tsara abin haka.

5/ Ga yadda ake haɗa ƙungiya a wajenmu, don waɗanda ba 'yan nan ba. Mutum ɗaya mai hali zai sayo jesi da ƙwallo, ya yi alkawarin kuɗin shayi. Kocinsa ya zaga gari ya tsince duk yaron da ya iya taɓa ƙwallo. Waɗanda suka rage a tattara su a yi ƙungiyoyi biyu ko uku don a cika jadawali.

6/ Wato tun ba a busa usur ba kowa ya san gidan da kofi zai kwana. Sauran yaran an kawo su ne a ci su, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. In kuma aka ga wata ƙungiya ta fara ɗaga kai, sai a nemo sojojin haya daga wani gari ana gobe wasa.

7/ A nan zan taka wa wasu burki. Na ji ana cewa matsalar yaran da ake ɗaukowa daga tsallaken iyaka ce, 'yan Binin. Sam. Mu a ƙasar Bagudo, daga Illo zuwa Lolo zuwa Tsamiya, wa ye ba shi da dangi a Segbana ko Malanville? Kasuwa ɗaya muke ci, auratayya muke yi. Yaro ɗan 12 daga can ya zo ya buga, lale marhabin. Ɗan 17 ko a bayan gidanmu aka haife shi bai da hurumi a wasan nan.

8/ Da aka tafi hutun rabin lokaci ana 6 da nema, na je na durƙusa gaban wani dattijo cikin masu shirya gasar. Na ce, Kawu, yaron can mai lamba tara ai ya wuce shekarun. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan boko, kawo takardar haihuwarsa mu gani."

9/ Ya san babu, na san babu. Yara da yawa a nan a gida aka haife su, ba wanda ya kai sunansu ofishin hukumar ƙidaya. Da ya ga ban tashi ba sai ya ƙara da cewa, "Ai Najeriya ma da haka take cin kofi." Aka kwashe da dariya. Toh, tunda Kawu ya kawo Najeriya, mu je Najeriyar.

10/ Gaskiya ne mun ci kofin duniya na matakin 'yan ƙasa da 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013, 2015. Babu ƙasar da ta kai mu. Kuma ban ce duk wanda ya buga maƙaryaci ba ne. Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015 a Chile, ga shi duniya tana ganin inda ya kai.

11/ Amma a faɗi ɗaya ɓangaren. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. Aka kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991.

12/ A 2009, shekarar da muka karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, FIFA ta shigo da gwajin MRI. Hoton wuyan hannu ake ɗauka, a duba wurin da ƙashi yake tsiro. In ya riga ya haɗe gaba ɗaya, ana ɗauka mutum ya wuce 17. Kafin a fara gasar sai da aka sallami 'yan wasanmu 15.

13/ Wanda ya fi yi mini zafi shi ne 2016. Muna riƙe da kofin duniya, aka gwada yaran sansani, 26 suka faɗi, ana dab da wasa da Nijar. Maƙwabtanmu suka ci mu 3 da 1 a Yamai suka fitar da mu. Su ne suka je gasar duniya a Indiya a 2017, mu muna gida muna kallo a talbijin.

14/ Kuma ba mu kaɗai ba. Samuel Eto'o ya sa aka gwada 'yan ƙasa da 17 na Kamaru, 21 cikin 30 suka faɗi. Ƙaryar nan ba a Abuja ko Yawunde take farawa ba. A fili irin namu take farawa, ranar da babba ya ce wa yaro, in an tambaye ka ka ce 12.

15/ Mu kuwa me za mu yi da MRI a Lafagu? Garin da kowa ya ci tuwon sunan kowa? Akwai rajistar firamare, akwai malaman Islamiyya, akwai iyaye mata. Tambayi uwa, za ta ce maka wannan goyon zaɓen 2011 ne, wancan kuwa da cikinsa ta bi layin zaɓen 2015. Ba a rasa sani ba, so ne ba a yi.

16/ Amma ko an gyara shekaru tsaf, rabin aikin aka yi. Ɗauki yara biyu 'yan shekara 12 cif. Ɗaya ya fara zama saurayi, ɗaya har yanzu kamar ɗan aji huɗu. Kocinmu wanne zai ɗauka? Dogon mana. Ba don ya fi iyawa ba, don in ya sa kafaɗa kowa faɗuwa yake.

17/ Sai ka ga an cuci duka biyun. Ƙaramin yana benci har ya haƙura ya koma kiwo ko gonar shinkafa. Babban kuma bai taɓa koyon ɗaga kai ya ba da ƙwallo ba, tunda ƙarfi yana yi masa komai. Ranar da tsararsa suka kamo shi a tsawo, shike nan, labarinsa ya ƙare. Ku tuna zakarun unguwarku na da, ina suke?

18/ Ina yawan tunanin Ahmed Musa. Mutum ne marar jiki. Da irin idon kocinmu aka duba shi yana yaro, da benci zai ɗumama. Shi ne ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018.

19/ Turawa ma sun gano wannan. A 2015 hukumar Firimiyar Ingila ta shirya wata gasa ta gwaji da yaran Southampton, Stoke, Norwich da Reading, inda aka haɗa su bisa matakin girman jiki maimakon shekarar haihuwa. Mu ba sai mun kai can ba. Abin da muke bukata muna da shi a gida, sunansa watanda.

20/ E, watanda. Ku yafe mini haɗa yara da nama, amma ku tsaya ku ji. In an haɗa kuɗi an yanka sa da Sallah, mahauci yana kasa nama kashi kashi, ko'ina tsoka, ko'ina ƙashi, ko'ina kayan ciki. Me ya sa yake daidaitawa? Saboda lokacin da yake kasawa ba a san kashin wa ye wannan ba.

21/ Ka ce wa mahaucin nan tun farko kashi na uku naka ne, ka ga inda hanta za ta tafi. To mu a ƙwallon yara haka muke yi: mai kashi shi ke kasawa. Sannan mu riƙe baki muna mamakin 11 da nema.

22/ Ga abin da nake so a gwada. Duk yaron da zai buga ya rubuta suna wuri ɗaya, ba wajen koci ba. A ware yamma biyu a yi ta buga biyar biyar ana cakuɗa su. Mutum uku su zauna da biro da takarda, waɗanda ba su da ɗa ko ƙane a fili. Ni kaina ban cancanta ba kenan.

23/ Su duba tarbar ƙwallo, bayarwa, gudu, da ko yaro yana ganin fili. Su kuma rubuta girman jiki a gefe, don kada dogaye su taru wuri ɗaya. Kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, a haɗa, a jera yaran daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Takardar nan ba a manna ta a bango. Ba yaron da zai ji shi ne na 48.

24/ Sai rabo. A ce ƙungiya huɗu ce. A fara raba gola ɗaya ɗaya. Sannan a bi jeri a tafi a dawo: na 1, 2, 3, 4 su tafi A, B, C, D. Na 5, 6, 7, 8 su juyo D, C, B, A. Duba: A ta samu 1 da 8, B 2 da 7, C 3 da 6, D 4 da 5. Kowacce ka haɗa 9 ne. Haka har yara su ƙare.

25/ Yanzu ga gishirin miyar. Sai an gama kasawa tukuna a kira kociyoyi. A rubuta A, B, C, D a takarda, a nannaɗe, a zuba a hula, ƙaramin yaro ya miƙa wa kowa. Wanda ya ɓoye ɗan 17 a jeri bai san ko gobe shi ɗan 17 ɗin zai zura wa shida ba. Da bakinsa zai tona.

26/ Na san abin da za a ce. Za a ce daɗin ƙwallo unguwa da unguwa ne, in an cakuɗa ba mai zuwa kallo. Akwai gaskiya a ciki, ni ma na yi ihu don unguwarmu har muryata ta dishe. To a bar wa samari da manya kofin unguwanni, su kashe juna can. 'Yan 13 zuwa ƙasa nake roƙo a sakar mana.

27/ Kuma maganar kallo, jiya ana 8 da nema mutane suka fara watsewa, har mai rake ya tura baronsa ya yi gaba. Wasan da aka san ƙarshensa wa zai tsaya masa cikin rana? A yi 2 da 2 saura minti biyar ku ga ko akwai mai motsawa.

28/ Za a ce ana danne gwanaye. Wane gwani? Yaron da ya ci shida jiya bai koyi komai ba, ko gumi bai yi ba. Ka sa shi inda ɗan baya zai tare shi, inda dole ya nemi abokin wasa, nan ne za a san ko gwani ne.

29/ Wa da ƙane, ko yaran da ke tahowa tare daga ƙauye ɗaya a babur ɗaya, wannan uzuri ne na gaske. A haɗa su, a musanya da wani mai maki kusa da nasu. In an buga zagayen farko aka ga wata ƙungiya ta yi rauni ƙwarai, mutum ukun nan su sake duba takarda. Ba wahayi ba ce.

30/ Wanda na san ba zai so ba shi ne mai sayen jesi. Alhaji, Allah Ya saka da alheri, da gaske nake, ba don ku ba ko ƙwallo ba mu da ita. Amma in don yara ake yi, a sayi kala huɗu a zuba a hular tare da takardun. In kuma don hoto da kofi ne, kofi ana sayar da shi a kasuwar Birnin Kebbi, ba sai an bi ta kan ɗan shekara 12 ba.

31/ Da daddare na tarar ƙanena ya cusa safar golansa ƙarƙashin katifa. Safar da ya yi wata biyu yana tara kuɗin ɗaurin albasa kafin ya saya. Ya ce, "Yaya, ni na bar gola, an ce ni rariya ne." Inna ta ce dama ta gaji da wankin kaya. Ban samu abin ce masa ba.

32/ Masu shirya gasar za su zauna ranar Juma'a bayan la'asar. Zan je da takardar nan, na riga na rubuta ta da Hausa, shafi ɗaya. Na samu malamin firamare ɗaya da ya yarda zai zo da rajista. Saura mutum biyu masu ba da maki, marasa ɗa ko ƙane a gasar. In kana kusa, Illo ko Bagudo ko Kaoje, kuma ka san ƙwallo, yi mini magana ta inbox kafin Alhamis. Kuɗin mai ni zan biya.