Ƙidaya layi kafin ka hau babur

Ɗan'uwa mai karatu, in kana da babur, ko kana kabu-kabu da na wani, ga magana ɗaya da nake so ka riƙe. Duk ranar da aka taɓa ƙafar baya, kada ka hau sai ka duba ko ta zauna daidai.

Ƙafar baya ana taɓa ta sau da yawa. In taya ta yi faci, sai an kwance ta. In sarƙa ta saki, sai an ja ƙafar baya kaɗan. To, a nan ne matsala take shiga. Ƙarfe biyu ne suke riƙe da ƙafar, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowane yana da ɗan noti na jan sarƙa. In aka ja na hagu fiye da na dama, ƙafar ta karkace ke nan.

Mutane suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne wajen awon hatsi. Wajen babur kuwa, ƙaramar karkata ido ba ya ganin ta, aljihu ne yake jin ta. Taya tana cinyewa gefe ɗaya. Sarƙa tana goga haƙoran faifanta har su lalace. Babur yana jan ka gefe, hannunka ya gaji. Mafi muni, sarƙa tana iya zamewa kana cikin gudu, ga buhun gero a baya, ko uwargida da goyo. Kuɗin taya da sarƙa jikkuna ne. Rai kuwa ba a sayen shi a kasuwa.

Dubawar ba ta da wuya. Kusa da babban notin ƙafar, galibi akwai ƙananan layuka da aka zana jikin ƙarfe, dama da hagu. Ƙidaya su. In alama ta tsaya ga layi na 3 a dama, dole ta tsaya ga layi na 3 a hagu. Ka gani, lissafin da kake koyo a aji ya yi rana.

In layukan sun goge, nemi igiya doguwa. Tsai da babur sosai, kan ya miƙe. Zagaya igiyar bayan tayar baya, ka ja bakinta biyu zuwa gaba, tana ɗan taɓa gefen tayar. Tazarar da ke tsakanin igiya da tayar gaba ta zama ɗaya, dama da hagu.

Wajen gyara, a fara sassauta babban noti. A juya ƙananan biyun kaɗan-kaɗan, kowane daidai da ɗan'uwansa. Kada a ɗaure sarƙa tamau. Ga yawancin ƙananan babura, ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. A ƙarshe a ɗaure babban noti da kyau, a sake duba layukan, a kuma taka birkin baya a ji, don jan ƙafa yana canza zamansa.

Wani zai ce wannan aikin mai gyara ne. Haka ne. Amma mai gyara babur goma yake taɓawa a yini, mu kuma muna tsaye a kansa muna cewa ya yi sauri. Ba shi lokaci. In ya gama, duƙa ku ƙidaya layin tare. Ba raini ba ne, mai gyaran kirki ba ya jin haushin haka. Bayan kun rabu, kai ne za ka hau hanya, ba shi ba.