Gidauniya ko bikin cin kaji?

Da zarar an sayar da rake a Makarfi da Kudan, an kwashe tumatir a Ikara, sai katin gayyata ya fara yawo: ƙungiyar ci gaban gari kaza za ta yi liyafar dare da ƙaddamar da gidauniya. Haɗuwar kanta abin so ce. Bahaushe da Bafillace da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo su zauna wuri guda, ga tuwo, ga fura, ga sakwara, ba ƙaramin alheri ba ne a jihar da ta ga rikicin shekarar 2000.

Al'adar aro ce daga irin su kulob ɗin Rotary, wanda aka kafa a Amurka a 1905, ya iso Kano a 1961. Ko me za a ce game da su, tun 1985 suke zuba kuɗi wajen yaƙi da shan inna, kuma kowa ya ga aikin.

A nan kuwa fa? Sanƙira ya shelanta alkawarin babban baƙo, a yi tafi raf-raf, a watse. Shekara ta zagayo ba rijiya, ba rufin aji, mai alkawari ya daina ɗaga waya. Ɗan abin da talaka ya jefa a faranti kuwa, hayar rumfa da kaji sun cinye.

'Yan uwa matasa su ne masu jera kujeru da raba abinci a irin wannan taro. To, kafin su ɗauki kujera ko ɗaya bana, sai ma'aji ya karanta lissafin bara a bainar jama'a, da sunayen waɗanda ba su cika ba.