Wa Ya Ba Ku Ikon Goge Hoton Mutane?

Yau ku yi mini uzuri, ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙoshi, wanda in ban amayar da shi ba alƙalamina ba zai yi gaba ba.

Ranar wata Asabar na ɗauki ɗan yayata, yaron da ya shekara biyu yana zubin adashe kafin ya mallaki kyamararsa, muka nufi Ƙofar Wambai don ya ɗauko mini hoton bangon sabon littafina, tunda rabin labarin a kasuwar ya faru. Abin da muke so kawai hada-hadar bakin titi ce: dilolin gwanjo, tulin robobi, masu takalma da 'yan dako. Ko hoto biyar bai ɗauka ba sai ga wasu samari uku sun yi mana ƙawanya, ɗaya ya damƙi igiyar kyamarar a wuyan yaron, wai wa ya ba mu izini. Na ce izinin wa? Ya ce doka ta hana. Na ce wace doka, sashe na nawa? Sai amsa ta koma hargowa, har wani ya jefo kalmar "ɗan leƙen asiri". Kun dai san abin da kalma irin wannan take jawowa a tsakiyar kasuwa. Yaro jikinsa na ɓari ya ce, "Kawu, mu goge musu kawai mu tafi." Suka karɓa suka share katin kakaf, har da hotunan wani biki da ya ɗauka a daren jiya bai kai ga juyewa ba. Bayan haka kuma suka nemi na goro! Wani dattijo mai sayar da jaka ne ya kore su. Yaron nan sai da ya mayar wa masu biki kuɗinsu, kuma amarya ta rasa hoton kamunta har abada.

To, tambayata ita ce: wa ya ba su wannan iko? Ni ba lauya ba ne, iyakar bokona sakandare, amma na iya karatu. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da bayani, kuma babu dokar da ta yi wa ɗaukar hoto a kan titi haramcin gaba ɗaya. Inda aka hana an ambata: Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar wuraren tsaro irin barikin soja, ita kuwa rumfar gwanjo ba bariki ba ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sa hoto ya zama dukiyar wanda ya ɗauke shi, kamar yadda littafi yake dukiyar marubucinsa. Ashe ke nan wanda ya goge hoton mutum da ƙarfin tsiya dukiya ya lalata, bai da maraba da wanda ya shiga rumfarka ya yayyaga maka dila. Kai, a 2023 kakakin rundunar 'yan sanda na ƙasa a lokacin, Muyiwa Adejobi, ya faɗa a fili cewa ba laifi ba ne a ɗauki ɗan sanda hoto ko bidiyo yana bakin aiki. In mai kaki bai fi ƙarfin kyamara ba, ina ga mai gora?

Na san za a ce tsaro ne. Ban manta da 20 ga Janairun 2012 ba, ranar da bama-bamai suka girgiza Kano, har aka kashe ɗan jaridar Channels, Enenche Akogwu, yana bakin aikinsa. Tun daga lokacin muka koma kallon duk mai kyamara a karkace. Amma don Allah mu yi wa kanmu adalci: wane mugu ne zai rataya ƙatuwar kyamara a wuya da rana tsaka, alhali waya tana aljihun kowa, har da su masu ƙwacen? In da gaske zargi ne, ofishin 'yan sanda ake kai mutum a bincike shi. Zargin da naira dubu biyu ke wankewa ba zargi ba ne, kasuwanci ne.

Za a kuma ce mutunci. Nan kam ina tare da ku, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai marasa kunyar da ke bin matan aure a layin gwanjo suna ɗauka a ɓoye, ko su ɗauki mai taɓin hankali ko almajiri su watsa a TikTok don a yi dariya. Wannan cin zarafi ne. Sashe na 37 na Tsarin Mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Mu marubuta mun fi kowa sanin zafin abin, don a 2007 bidiyon waya guda ɗaya da aka fitar ba da yardar mai shi ba ya ruguza rayuwar wata baiwar Allah, ya kuma jawo wa 'yan fim da marubuta matsin da muka daɗe muna ɗanɗana. Haka mai takalmin da ke tsoron a kwafe masa samfuri yana da ikon cewa kada a ɗauki cikin rumfarsa, kuma dole a ji. Amma ikonsa a bakin rumfarsa ya tsaya, bai kai kan kwalta ba. Maganin mai cin zarafi kuwa kotu ce, ba taron dangi a kan yaron da ya zo neman halalinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da Bature ne ya rataya kyamarar nan, da an ba shi kujera da ruwan sanyi, kamar yadda ake yi musu a marinar Ƙofar Mata. Ba'amurkiya Glenna Gordon ta zo ta ɗauki hotunan marubutanmu mata da yardarsu, ta fitar da littafi a 2016, duniya ta gani. Madalla da ita. Amma ɗan gida ya ɗaga kyamara sai ya zama abin tuhuma? Wa zai adana mana tarihinmu ke nan? Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ga ta nan tana narkewa, ana yanka ta filaye. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, yau duk mai son ganin asalin siffarta sai dai a hoto. Ita ma Ƙofar Wambai da muka sani muna yara ba ita ce ta yau ba, ta yau ma ba za ta tsaya jiran jikokinmu ba.

Kuma ku tuna, hoton da kuke gogewa yau shi ne shaidarku gobe. Bidiyon da yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka a bakin titi a Amurka a 2020 ya taimaka wajen ɗaure ɗan sandan da ya kashe George Floyd. Ranar da gobara ta tashi, ko aka zo rusau, ko aka zalunci ɗan kasuwa, gani ne zai kori ji.

Don haka ina kira ga shugabannin kasuwa da su ja kunnen yaransu. Ku kuma masu hoto, ku yi sallama, ku nemi yardar mutum kafin ku saita fuskarsa, musamman iyayenmu mata, wanda ya ce a'a ku bar shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni dai Asabar mai zuwa zan koma Ƙofar Wambai da yaron nan, mu fara gaida dattijon da ya cece mu, sannan mu ɗauki hotonmu.

Allah Ya sa mu dace. Mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya.