Takardar Koke Kan Tallafin Waɗanda Nakasa Ta Raba Da Sana'a

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jiha,
ta hannun ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓarmu.



Mu masu wannan koke magidanta ne da iyaye mata da a da muke ci da guminmu. A cikinmu akwai birkila da ya faɗo daga bene, da ɗan acaɓa da haɗari ya taɓa masa laka, da tela da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Yau ba mu iya aiki, kuma ba ma son mu ƙare a bakin titi da ƙoƙon bara.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da mu. Dokar ta ware mana kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen hukuma shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Mun gode da wannan. Sai dai gurbin aiki na mai sauran ƙarfi ne. Wanda ke kwance fa?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi kashi 90 cikin 100 na albashi ga wanda ya nakasa gaba ɗaya a bakin aiki, daga asusun NSITF da masu ɗaukar aiki ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi. Yawancinmu kuwa aikin jinga da na yini muka yi, ba takardar ɗauka, ba sunanmu a wani asusu.

Ga abin da muke fuskanta in mun nemi tallafin gwamnati. Ba mu san ƙa'idar cancanta ba, domin ba a rubuta ta inda za mu gani ba. Ana neman takardar likita, amma da kuɗinmu za mu yi gwaji. Ana neman lambar NIN da asusun banki, alhali sai an ɗauki wasunmu a hannu kafin su kai wurin rajista. Ofishin da za mu kai takardu yana sama, ba hanyar keken guragu. In an tsallake sunan mutum, amsa ɗaya ce: “Sunanka bai fito ba.”

Don haka muke roƙon majalisa:

1. Ta yi dokar alawus na wata-wata ga wanda likita ya tabbatar ba ya iya aiki, da kaso a kasafin kuɗi.
2. A wallafa sharuɗɗan cancanta da Hausa, a karanta su a rediyo.
3. Gwaji da takardar likita su zama kyauta a asibitocin gwamnati.
4. A buɗe teburi ɗaya a ƙasan bene a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'ai su riƙa bin marasa motsi har gida.
5. Wanda aka hana, a ba shi dalili a rubuce da damar ɗaukaka ƙara.

Muna roƙon a kira mu zaman jin ra'ayin jama'a mu faɗa da bakinmu. Allah ya taya riƙo.

Mu ne naka,
masu koke, da sa hannu da dangwalen yatsunmu a haɗe.