A BUƊE LITTAFIN ƘOFA KAFIN A ZAGI 'YAN KALLO

Makon nan za mu yi magana a kan wani littafi wanda ba a cika kula da shi ba, watau littafin ƙofa na filin ƙwallo. Shi ne wanda akawun kulob yake rubuta yawan mutanen da suka shiga kallo kowace ranar wasa, da tikitin da aka sayar, da kuɗin da aka tara. Masu kulob ba su tunawa da shi sai ran alfahari ko ran rabon kuɗi. Mu kuwa muna cewa littafin nan shi ne babban mai ba da shaida ga talaka mai sayen tikiti, ran da abu ya ɓaci aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Za mu kawo dalilinmu daga abin da ya auku a wani fili na ƙasar Ingila.

A garin Sheffield akwai kulob ɗin da ake kira Sheffield Wednesday, sunan filinsu Hillsborough, tun 1899 suke wasa a cikinsa. Wanda ya bi littattafansu zai tarar taro mafi girma da filin ya taɓa ɗauka shi ne na ran 17 ga Fabrairu 1934, sa'ad da mutum 72,841 suka shiga kallon wasansu da Manchester City. A zamanin nan yawancin 'yan kallo a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa, a kan matattakalar da ba kujera. Kafin 1989 an rage yawan da aka yarda filin ya ɗauka zuwa wajen 54,000. To, mai neman abin alfahari sai ya karanta 72,841 ya rufe littafi. Amma mai neman gaskiya tilas ya ci gaba da buɗe shafi, ya tambaya ta ƙofa nawa mutane suka shiga, a wane sashe suka tsaya, wa kuma ya ƙirga su a can.

Kafin mu je nan, bari mu faɗi abin da ba mu ɓoye wa kowa. Tarzomar 'yan kallo gaskiya ce. Cikin shekarun 1970 da na 1980 'yan ta-kife sun addabi filayen Ingila da faɗa da jifa da kutsawa cikin fili. Ran 29 ga Mayu 1985, a filin Heysel na ƙasar Beljiyam, wasu magoya bayan Liverpool suka far wa sashen da magoya bayan Juventus suke, mutane suka gudu suka matse a jikin wani bango, bangon ya rushe, mutum 39 suka mutu, yawancinsu 'yan Italiya. Kotu ta kama magoya bayan Liverpool 14 da laifin kisa ba da niyya ba, aka kuma hana kulob-kulob na Ingila wasannin Turai shekara biyar. Ba mu kare wannan ta'asa ko kusa. Amma abin da ya biyo baya shi ne, hukuma ta koma tana kallon kowane ɗan kallo kamar abokin gaba. Aka kewaye filaye da shingen ƙarfe mai tsawo don kada kowa ya haura, aka manta wanda aka hana haurawa don ɓarna an hana shi haurawa don tsira da rai.

A Hillsborough gargaɗi ya zo da wuri. Cikin 1981, a wasan Tottenham da Wolves, matsi ya auku a sashen da ake kira Leppings Lane, mutum 38 suka ji rauni. Maimakon a rage yawan masu shiga sashen, sai aka rarraba shi da shingaye, ya zama keji uku cikin 1981, sa'an nan keji biyar cikin 1985. Takardar izinin filin, wadda ta faɗi yawan mutanen da kowane wuri zai ɗauka, tun 1979 aka ba da ita, ba a kuwa gyara ta ba bayan duk wannan sake-saken. Duk wanda ya taɓa aikin akawu ya san ma'anar haka: kaya sun sauya a cikin sito, littafi yana nan a kan lissafin jiya.

Ran 15 ga Afrilu 1989 aka kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA filin nan, tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. Littattafan ƙofa na kulob biyun sun nuna Liverpool ta fi Forest yawan 'yan kallo nesa ba kusa ba, amma ita aka ba ƙaramin rabo. Forest ta sami tikiti wajen 29,800 da ƙofofin juyi 60, watau ƙofofin nan masu barin mutum ɗai-ɗai su kuma ƙirga shi. Liverpool ta sami tikiti 24,256 da ƙofofi 23. Daga cikinsu, masu tikitin tsayuwa 10,100 aka ce duk su bi ta ƙofofi bakwai kacal. Jama'a, ku yi lissafin da kanku: kowace ƙofa sai ta haɗiye mutum fiye da 1,400. Yaron makaranta ma ya san ba za su shige a kan lokaci ba.

Haka kuwa aka yi. Mutane suka taru a waje har numfashi ya fara wuya. Ƙarfe 3 saura minti 8, shugaban 'yan sandan ranar, David Duckenfield, wanda bai fi mako uku da kama muƙamin ba, ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita. Mutum wajen 2,000 suka shiga cikin 'yan mintoci. Gabansu akwai wani dogon zaure mai gangara wanda ya zarce kai tsaye cikin keji na 3 da na 4, waɗanda tuni sun cika. Ba wanda ya tare zauren ya karkatar da mutane gefe, inda akwai sarari. A takarda an ce kejin biyu za su ɗauki mutum 2,200. Da masana suka auna daga baya, suka ce bai kamata a wuce 1,693 ba. Waɗanda suka shiga kuwa sun haura 3,000. Ƙofofin waje suna ƙirga mutane, amma ba wanda yake ƙirga masu shiga kowane keji. Aka tsai da wasa ƙarfe 3 da minti 6. Mutum 94 suka mutu a ranar, ƙaraminsu yaro ɗan shekara 10, mutum 766 suka ji rauni. Sauran ukun sun cika daga baya, na ƙarshensu cikin 2021, jimla 97.

To, sai kuma ƙarya. Tun gawa tana kwance a fili Duckenfield ya gaya wa shugabannin hukumar ƙwallo wai 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofa suka kutso. Bayan kwana huɗu jaridar The Sun ta buga a shafinta na farko wai magoya bayan Liverpool sun yi wa matattu sata, sun kuma doki masu ba da taimako. Aka baza magana wai dubban mashaya marasa tikiti ne suka jawo abin. Har jinin mamatan aka ɗiba, da na yara, don a auna ko sun sha giya. Me ya sa mutane da yawa suka yarda? Domin Heysel tana nan a zukata, wanda kuwa aka taɓa kamawa da sata, ko akuyar wani gari ta ɓata shi ake dubawa.

Abin da ya fara rusa ƙaryar nan shi ne ƙirge. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta Birtaniya ta ɗauki lissafin ƙofofin juyi, ta zauna da hotunan bidiyo tana ƙirga kawunan waɗanda suka shiga ta babbar ƙofar da aka buɗe. Jimlar da ta fito ta yi daidai da tikitin da aka sayar na sashen, ba wata rundunar marasa tikiti. Alƙali Peter Taylor, wanda aka ba binciken, ya rubuta cikin Agusta 1989 cewa babban sanadin abin shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taro. Cikin Janairu 1990 ya ba da shawara manyan filaye su koma kowa da kujerarsa. Aka bi shawarar, aka kuma tumɓuke shingayen.

Duk da haka ba a wanke mamatan nan da nan ba. Cikin 1991 kotun binciken sanadin mutuwa ta ce tsautsayi ne. Iyaye da 'yan'uwa, yawancinsu talakawa masu aikin hannu, suka ƙi yarda, suka yi ta fama shekara da shekaru. Sai ran 12 ga Satumba 2012 wani kwamiti mai zaman kansa, bayan ya karanta takardu wajen shafi 450,000, ya bayyana an gyara bayanan shaida 164 na 'yan sanda, cikin 116 an goge maganganun da suka soki aikinsu. Ya kuma ce mutum 41 mai yiwuwa da sun rayu in da taimako ya zo musu yadda ya kamata. Firayim Minista David Cameron ya tashi a majalisa ya roƙi gafara. Cikin 2015 Duckenfield da bakinsa ya amsa cewa ya yi ƙarya a kan ƙofar. Ran 26 ga Afrilu 2016 sabuwar kotu ta yanke cewa kashe mutanen nan aka yi ba bisa doka ba, 'yan kallo kuwa ba su da laifi. Shekara 27 ke nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma iyaye nawa suka mutu kafin a kai ƙarshensa?

Ga kuma abin da ya kamata kowane magatakardan kulob ya riƙe. Cikin 2019 kotu ta sallami Duckenfield. Mutum ɗaya tak aka kama da laifi a kan abin da ya auku a ranar, shi ne Graham Mackrell, magatakardan Sheffield Wednesday kuma mai kula da lafiyar filin, saboda bai tanadi isassun ƙofofi ba. Aka ci shi tarar fam 6,500. Tara ce ƙarama ainun in an auna ta da rayuka 97, amma ta tabbatar da maganarmu: aikin alƙalami da lissafi aikin rai ne.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Ran 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Accra a ƙasar Gana, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko biyu da ɗaya. Wasu 'yan kallo suka fusata suka shiga jifa da kujeru da kwalabe. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin taro, mutane suka ruga, suka tarar da ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka mutu, da yawansu 'yan unguwannin zango irin su Nima. Kwamitin bincike ya ɗora laifi a kan 'yan sanda, aka kai shida kotu, aka sallame su. A nan an yi tarzoma, ba musu. Amma wanda ya jefa kujera laifinsa daban, wanda ya kulle ƙofa ya harba hayaƙi cikin dubban mutane nasa daban, bai kuwa kamata laifin na farko ya zama mayafin na biyu ba.

Don haka muna kira ga masu riƙe da kulob-kulob da filayen garuruwanmu, inda ake cika fili maƙil ran babban wasa, da su yi abu huɗu. Na farko, a auna kowane fili sashe-sashe, a rubuta yawan da kowane sashe zai ɗauka a allo a bakin ƙofarsa, in an sake gini a sake awo. Na biyu, kowane tikiti ya kasance da lamba, a ƙirga kowane mai shiga, har wanda ya shiga kyauta don alfarmar wani babba, domin shi ma wuri yake ci. Na uku, bayan kowane wasa a bayyana wa jama'a yawan waɗanda suka shiga, a ajiye littafin inda ɗan jarida da mai bincike za su iya dubawa ko bayan shekara hamsin. Na huɗu, kada a sa kwaɗo a ƙofar fita matuƙar da mutum a cikin fili, kowace ƙofa kuma da mai tsaronta wanda aka san sunansa.

Mun san abin da za a ce mana: wai 'yan kallonmu ba su jin magana. To, a hukunta mai jifa, a hukunta mai dukan alƙalin wasa, a kama shi da sunansa a kai shi gaban shari'a, ba mu da ja. Amma kulob ɗin da bai san mutum nawa ya bari suka shiga ba, ba shi da bakin cewa su ne suka yi yawa. Inda ba a ƙirga mutane, kuɗin ƙofa ma ba a san inda yake shiga ba, kuma sau da yawa wanda yake ƙin a ƙirga yana da dalilinsa a aljihu.

Ku kuma 'yan kallo, ku da kuke cire kuɗin tikiti daga abin da kuka samu da gumi, ku kame hannuwanku daga jifa, domin kowane dutse da kuka jefa hujja ce kuka miƙa wa wanda zai zage ku gobe. Sa'an nan ku riƙa tambaya: mu nawa ne yau a filin nan, ƙofa nawa kuma take buɗe? Tambayar nan hakkinku ce. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa wanda ya fita kallon ƙwallo ya komo gida ya tarar da iyalinsa lafiya, amin.